Tambayar da Malam Almu Ya Yi Sau Ɗaya

Duk ɗan Arewan da ya zauna a unguwar Lewisham ta Landan a shekarun da kuɗin man fetur ke zuba a gida ya san Malam Almu. Shi ne dogon mutumin nan mai kwat ɗaya tal ruwan ƙasa, da hula a ka ko ana zabga ruwa, wanda kullum za ka tarar a tashar bas jakar littattafai ta karkatar masa da kafaɗa. Ba'amurke ake ce masa, alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka Amurka ba.

Mutumin Malumfashi ne. Tarihi yake koyarwa a wata sakandare, har gwamnatin jiharsu ta wayi gari da kuɗin da ta rasa inda za ta kai su, ta shiga tura malamai ƙetare ƙaro ilmi. A 1974 aka turo shi Landan neman digirin dakta. Da aka tambaye shi abin da zai yi bincike a kai, bai ce Jihadi ba, bai ce daular Borno ba, sai ya ce zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1824. Allah kaɗai ya san inda ya tsinto wannan zaɓe, amma tun da ya tsince shi bai sake ajiye shi ba.

In ka yi gangancin tambayarsa yadda karatu yake, to shayinka ya huce. Zai gaya maka cewa a lokacin jam'iyya ɗaya ce ta rage a ƙasar, kowa ɗan gida ne, har mutane suka ɗauka an gama rigimar siyasa. Sai mutum huɗu suka fito takara daga cikin gidan nan ɗaya. Wani janar ya fi kowa ƙuri'a, amma bai haura rabi ba, don haka magana ta koma majalisa. Can aka keɓe, aka yi ƙus-ƙus, wanda ya zo na ƙarshe ya mara wa na biyu baya, na biyu ya hau mulki, ya juyo ya ba shi babban muƙami. Mutanen janar suka ce ciniki aka yi. Jam'iyyar ta dare gida biyu, ba ta kuma sake haɗuwa ba. A nan Almu yake ɗaga yatsa ya ce, "Keɓewar nan ita ta kashe su. Da a bainar jama'a aka yi komai, da sun tsira."

Abokan zuwansa ba su tsaya jin wannan ba. Wani ya yi kwas ɗin wata tara ya koma gida ya zama babban sakatare. Wani ko jarrabawa bai tsaya ba, ya ji ana rabon kwangilar siminti, ya tattara ya tafi. Sukan dawo hutu da bazara, su cika kantunan Oxford Street, su ɗora wa Almu ledojinsu ya riƙe musu, su tambaye shi ko janar ɗinsa ya ci zaɓe tukuna. Shi kuwa ya yi murmushi, don a ransa yana ganin ranarsa na tafe. An fara cewa in soja suka sauka, tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka za a bi, kuma ai dole a nemi wanda ya san inda ramukan tsarin suke.

Mutum ɗaya ne yake sauraronsa har ƙarshe, shi ne Haggai Bot. Haggai mutumin Bukuru ne, ya tashi a barikin haƙar kuza a tsakiyar Hausawa, Hausar bakinsa ta fi ta wasu Kanawan daɗi. A gidan waya yake aiki, wajen tantance wasiƙu, matarsa Chundung kuma nas ce. Ranar da Almu ya sauka Landan, ɗakin da aka ce an kama masa ya tarar an ba wani, Haggai ne ya gan shi tsaye da akwati yana rawar ɗari, ya ji ya yi salati da Hausa, ya ce masa, "Malam, daga ina?" Ya kai shi gidansa a Tottenham, Chundung ta ware masa tukunya da kwano nasa na daban ba tare da ya roƙa ba, ya zauna da su har sanyi ya wuce. Da matar Almu, Zinatu, ta iso, Chundung ce ta nuna mata inda ake samun kuɓewa da manja, ita ce kuma ta riƙe mata hannu ranar haihuwar fari. Almu Yaya yake ce wa Haggai, kuma har cikin zuciyarsa yake faɗa.

Haggai ne ya shigar da shi Ƙungiyar 'Yan Arewa. A lokacin guda ɗaya ce, ba ta Musulmi ba ce, ba ta Kirista ba ce. Ita ke tarar baƙo, ita ke raka gawa filin jirgi, ita ke sasanta miji da mata. Dukiyarta a duniya ba ta wuce wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da wani ya taho da ita daga Jos ta jirgin ruwa ba. In aka ɗora ta a murhun gas sai ta cinye kawunan wutar duka. Da Sallah tana gidan Zinatu a Lewisham, da Kirsimeti tana gidan Chundung a Tottenham, a dafa shinkafa a kai zauren da aka kama haya kowa ya ci. Mutum ɗaya ba ya iya tafiya da ita cikin daɗin rai, saboda haka Almu da Haggai ne masu dakonta, kowa ya kama kunne ɗaya, su hau jirgin ƙasa zuwa London Bridge, su gangara ƙarƙashin ƙasa har Seven Sisters, Turawa na satar kallonsu ta saman jarida. Almu bai taɓa gaya wa kowa ba, amma duk shekara babu ranakun da yake ɗoki kamar na ɗaukar tukunyar nan.

Ƙungiyar ba ta taɓa yin zaɓe ba. Wani dattijo, Malam Nata'ala, wanda ya zo tun kafin 'yancin kai yana taya Turawa koyon Hausa, shi ke riƙe da ita. Ko shi ma sai da aka bi shi gida aka yi ta roƙo kafin ya karɓa, don haka aka saba: wanda aka nuna ya ce a'a, ga na gaba da shi, jama'a su ce shi suke so, ya sake noƙewa, a sake matsa masa, sannan ya ce to, tunda kun nace. Kowa ya san daga farko zai karɓa, amma mai mutunci ba ya miƙa hannu ya ɗauki girma, sai an ɗora masa. A 1977 tsufa ya kama Malam Nata'ala, ya ce zai koma Kano, ba ya son a binne shi a ƙasar da ruwa ke kwanciya a kabari.

Nan Almu ya ga dama ta samu. Ya miƙe a taro ya ce ƙasa na shirin komawa mulkin farar hula, kunya ce a ce 'yan boko na Landan suna naɗa shugaba da roƙo kamar sarkin pawa. A yi zaɓe, shi zai rubuta ƙa'idoji. Jama'a suka tafa, don a shekarun nan duk abin da aka ce na zamani ne tafi yake samu. Ya ajiye babin da malaminsa ke jira, ya duƙufa kan ƙa'idojin nan, yana rubutu yana tuna ɗakin da aka keɓe a 1824. In ba wanda ya haura rabi, za a sake kaɗawa tsakanin na ɗaya da na biyu a nan take. Kafin a sake, mai gudanar da zaɓe zai tambayi kowannensu sau ɗaya ko yana nan a takara, kuma amsar farko ita ce amsa. Ba keɓewa, ba raɗa, ba roƙo. Ya karanta wa jama'a da Turanci da Hausa, aka ce madalla, rabin zauren kuwa hankalinsu na kan hirar farashin Peugeot a Kaduna.

Zinatu ce kaɗai ta tanka, tana yankan albasa ba ta ko ɗago ba.

"Malam, wannan sau ɗayan naka. Kai ko abinci aka yi maka tayi, sau ɗaya kake amsawa?"

"Zaɓe ba abinci ba ne, Zinatu."

"To, Allah ya sa alheri."

Aka sa ranar zaɓe Lahadin da ta biyo bayan Babbar Sallah. Shekarar aka fara sallar Idi a sabon masallacin Regent's Park, Haggai ya zo ya tsaya a bakin ƙofa cikin sanyi kamar yadda ya saba, ana sallamewa suka wuce wajen mahauci suka ɗauko nama tare. A hanya yake ce wa Almu, "Na yi booking ɗin hall, amma fa mai gadin ya ce kada mu wuce ƙarfe biyar. Ba'amurke, ka takaita mana tarihin janar."

Mutum huɗu suka tsaya, Almu ya tuna 1824 da ya ga adadin, sannan ya yi wa kansa dariya. Biyu daga ciki ba su taka rawar kirki ba. Na gaba-gaba su ne Haggai, wanda ba shi ya sa sunansa ba, matan ƙungiya ne suka sa, da Alhaji Lawal, wani dattijon ɗan kasuwa mai sayen injuna da kayan gini yana aika wa 'yan kwangila a gida. Alhaji Lawal ba mugu ba ne. Mutum ne dai wanda duniya ta saba ba shi abu kafin ya nema, har ya manta yadda ake cewa a bari.

Aka ci shinkafa, aka kaɗa ƙuri'a a cikin kwalin takalmi. Haggai ya zo na ɗaya da rata mai kyau, Musulmi da yawa shi suka zaɓa, amma kaɗan ya rage ya haura rabi. Almu ya tsaya a gaban tebur, takardar ƙa'idoji a hannu, ya tambayi Alhaji Lawal ko yana nan a takara. Alhaji ya ce in Allah ya yarda yana nan. Ya juya wajen Haggai.

Haggai ya miƙe, ya cire hularsa, ya ɗan rusuna wajen da Alhaji yake zaune. Ya ce, "Jama'a, na gode. Amma ina ni ina shugabanci ga Alhaji a zaune? Ya girme ni, ya riga ni zuwa ƙasar nan. Ni dai a bar wa babba."

Zauren ya ɗauki guna-gunin da aka saba. Wata mata ta ce, "Haba Baban Jane, kai muke so." Wani dattijo a baya ya fara gyara murya zai yi roƙo. Haggai yana tsaye bai zauna ba, don wanda ya janye da gaske zama yake yi. Ya dubi Almu, da ɗan murmushi a gefen bakinsa, irin na mutumin da ya yi nasa yana jiran a yi masa nasu.

Kada wani ya ce Almu bai gane ba. Ɗan Malumfashi ne, a gabansa aka roƙi mahaifinsa ya karɓi limancin unguwa har sau uku. Ya gane sarai. Amma a daidai lokacin sai ya ga idon mutanen Alhaji a kansa, ya tuna kowa ya san a gidan wa ya sauka, ya ji kamar an riga an fara cewa Ba'amurke ya karya dokar da ya rubuta da hannunsa don amininsa. Shekara uku yana gaya wa mutane cewa sassauci irin wannan ne ya rusa jam'iyya guda. Ya saurara ko Alhaji Lawal zai ce wani abu ya fitar da shi, Alhaji kuwa agogonsa yake dubawa. Sai Almu ya ɗaga takardar, ya karanta ƙa'idar, ya ce ɗan takara ya janye, Alhaji Lawal ne shugaba.

Ba a yi hayaniya ba, da ma an yi da ya fi sauƙi. Haggai ya mayar da hularsa, ya je ya miƙa wa Alhaji hannu biyu ya yi masa murna, ya koma ya zauna. Chundung ta tashi ta shiga tattara kwanukanta tun mutane ba su gama ci ba. Alhaji Lawal ya yi jawabin godiya, kuma don ya nuna shi mai sakayya ne, ya ce ba shi da sakataren da ya wuce Malam Almu, mutum mai gaskiya wanda bai duba abota ba. Almu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe baki zai ce a'a, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Sau ɗaya ake tambaya, Malam, ka yi tunani kafin ka amsa." Aka yi dariya marar daɗi. Kafin ya sake buɗe baki, an ɗauka ya karɓa.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama Landan, kuma ba yadda ya faru ya zaga ba. A Tottenham cewa ake Musulmi sun haɗa baki, an yi wa Kirista wayo, an biya malamin da sakatare. A Lewisham cewa ake ai shi ya janye da bakinsa, me kuma ake so. Daga gida jaridu na isowa cike da gardamar tsarin mulki, kowa ya karanta ya ƙara wa tasa wutar itace. Almu ya rubuta takardar ajiye muƙami, ba wanda ta dama. Ya je wurin Alhaji Lawal ya roƙe shi a sake zaɓe, Alhaji ya ce, "Malam, kai ka rubuta, kai ka karanta. In an yi cancel yanzu ai ni aka mayar ɓarawo." Ya buga wa Haggai waya, kullum 'yarsa Jane ke ɗauka ta ce da Turanci babanta ba ya nan. Taron da ya biyo baya, kujerun mutanen Filato da na kudancin Zariya babu kowa a kai.

Tukunyar tana gidan Almu tun Sallah. Bisa al'ada Haggai kan zo ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, ya sha kunun gyaɗar Zinatu, su kama kunnuwan su tafi. Zinatu ta wanke ta, ta goge, ta ajiye a bakin ƙofa. Kwanaki suka yi ta wucewa ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ana jajibirin Kirsimeti da safe Almu ya sa kwat ɗinsa, ya rungumi tukunyar shi kaɗai. Ba nauyinta ne ya fi wahalar da shi ba, faɗinta ne. Ba ya ganin ƙafafunsa, ya yi ta bugun mutane yana ba su haƙuri, a matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa murfin ya suɓuce ya gangara yana ƙara har ƙasa. Ya isa Tottenham hannuwansa sun sage, gumi ya jiƙa shi cikin wannan sanyi.

Chundung ta buɗe ƙofa. Ta gaishe shi da kyau, ta tambayi Maman Khadijatu, wato Zinatu, da yarinya, ta ba shi kujera a falo inda ake ajiye baƙi, shi da ya saba wucewa kicin kai tsaye. Ta ƙofar kicin ɗin ya hango sababbin tukwane biyu a kan wuta, irin na kantin Turawa, suna ta tururi. Haggai ya fito, suka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda ba ta bar komai ba, har da gajiyar hanya.

"Ka wahalar da kanka, Malam Almu," in ji Haggai. "Mun yi order ɗin namu. Mutanenmu sun ce bana a church hall ɗinmu za a ci."

Rabon da ya kira shi da sunansa tun ranar da suka fara haɗuwa. Almu ya sauko daga kujera ya durƙusa.

"Yaya, roƙonka na zo yi. Wanda ya kamata in bari a yi ran nan."

"Tashi, don Allah. Abu ɗaya zan tambaye ka. Da na ce a bar wa babba, ka ɗauka janyewa na yi?"

Almu ya so ya ce e. Da ya ce e, wataƙila da an sami ƙofa. Amma bai taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba.

"A'a. Na san ba janyewa ka yi ba."

Haggai ya gyaɗa kai a hankali. "Na san ka sani. Da Bature ne ya yi mini haka, da tun a hall na yafe, don bai san mu ba. Ba kujerar ce ta dame ni ba, Malam. Na tsaya a gaban jama'a ina jiran ƙanena ya ce mini haba Yaya, sai ya karanta mini takarda."

Chundung ta kawo shayi, ya huce ba wanda ya taɓa. Almu ya ce ko a bar tukunyar a nan, ai lokacinsu ne. Haggai ya ce flat ɗin ya yi musu kaɗan, ba wurin ajiya, kuma ta ƙungiya ce, shi yanzu ba ya ciki. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Da Almu ya tashi tafiya, Haggai ya rako shi bakin ƙofa, ya dubi tukunyar a ƙasa, ya dubi hannuwan Almu da suka yi ja. Ya sunkuya ya kama kunne ɗaya.

"Kawo in kama maka zuwa station."

Bakin Almu ya riga tunaninsa. Abin da aka koya masa tun yana yaro shi ya fito, abin da kowane ɗan mutunci ke cewa in babba zai ɗaukar masa kaya.

"A'a Yaya, ka bari, zan iya."

Haggai ya tsaya a sunkuye kamar mai sauraron wani abu. Sannan ya saki kunnen tukunyar, ya miƙe.

"To," ya ce. "Ka gaida gida."

Ya rufe ƙofar a hankali. Almu ya daɗe tsaye a kan dakalin yana jiran a sake tambayarsa.

Ƙungiyar ta zama biyu, daga baya ta zama huɗu, don da aka ɗage wa siyasa takunkumi a gida kowane ɓangare ya sake darewa bisa jam'iyyu. A 1979 Haggai ya kwashe iyalinsa ya koma Jos, a bakin wata mata a kasuwar Lewisham Zinatu ta ji. Ba wanda ya nemi Almu daga gida don ya nuna ramukan tsarin shugaban ƙasa. Babi ɗaya ya rage masa a kundinsa, wanda malaminsa ya ce ya duba ko akwai abin da zai iya ɗinke jam'iyyar nan bayan zaɓen, ya yi ta ɗaukar alƙalami yana ajiyewa har tallafin karatun ya ƙare. Ya ji kunyar komawa Malumfashi hannu wofi, ya sami aikin jera littattafai a wani laburaren unguwa, a nan ya tsufa. Ya daina ba da labarin janar, sunan Ba'amurke ne kawai ya bi shi.

Tukunyar tana ƙarƙashin matakalar gidansu. Ba ƙungiyar da ta taɓa aikowa a karɓa, kowace cikinsu ta yi ƙanƙantar da ba ta bukatarta. Zinatu ta so ta ba da ita sadaka ga masallaci, Almu ya ce ba tasu ba ce, a bar ta ko mai kama ɗaya kunnen zai zo. A ciki take ajiye tsofaffin takalman yara.